Ledar Mahfuzu

Mahfuzu mutum ne da ba ya cire wa abu leda. Kujerar babur ɗinsa tana nan cikin ledar da ta zo da ita daga kamfani, rimot ɗin talabijin ma haka, har agogon bangon shagonsa sai ka matsa kusa ka ƙanƙance ido kafin ka gane ko hantsi ne ko azahar. Haka mahaifinsa ya yi kasuwanci a babbar kasuwar Garoua. Kakansu kuwa da ya taso daga Kano da jakuna, na tabbata da ana sayar da jaki a leda, a cikinta zai iso da su. A gidansu duk abin da ke cikin leda sabo ne, ko da ya tsufa yana aiki.

Shagonsa yana unguwar Poumpoumré, tsakanin shagon gyaran gashin Léontine da na wani tela. Yana yin fotokwafi, yana buga takardu. Bara ya sayi wata ƙatuwar firinta daga wani ofishi da ya tashi, irin wadda ta kai ƙugun mutum, mai aljihunan takarda, haɗe da intanet ɗin shagon. A goshinta akwai ɗan gilashi kamar tafin hannu inda take rubuta abin da ke damunta. Ledar kamfani na kan gilashin. Zafin garin nan ya dafa ledar har ta koma launin kunun gyaɗa, ba a ganin komai a bayanta sai wani haske-haske. Wannan bai dami Mahfuzu ba, don ya haddace maɓallan da ke gefe.

Ranar da nake ba ku labari, Kaltumi ce ta ja ni can. 'Yar ƙanena ce, yaji take dakawa, kuma yajinta ya yi suna har ƙungiyar matan unguwa ta zaɓe ta ta je baje kolin Yaoundé. Ba ta taɓa wuce Ngaoundéré ba. Sai ana gobe tafiya masu shirya bikin suka aiko da sharaɗi: duk kwalbar da ba ta da etiket, wato 'yar takardar nan da ake mannawa mai sunan kaya da abin da ke ciki, ba za ta hau tebur ba. Kwalayenta sun riga sun isa tasha. Motar ƙarshe da ke riskar jirgin ƙasan Yaoundé a Ngaoundéré kuma tana tashi da an idar da sallar azahar. In ta tafi babu etiket, ta je kallon Yaoundé ne kawai. In ta tsaya, tebur ya zama na wata.

Ni na rubuta mata Faransancin etiket ɗin, don haka na bi ta in ga an buga shi yadda na rubuta.

Mun tarar da firintar tana wani gurnani ƙasa-ƙasa, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ƙiftawa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Kaltumi 'yar Yaoundé!" in ji Mahfuzu. "Yanzu-yanzu za a gama. Tun safe take ɗan jan aji, amma na san maganinta."

Ya sunkuya ya kashe ta daga jikin bango, ya ɗan jira yana kallon rufi kamar mai addu'a, ya kunna. Ta yi tari, ta koma gurnaninta.

"Maganin ke nan?" na tambaye shi.

"Maganin kowane inji ke nan, Hajiya. A kashe, a kunna."

Na sha jin wannan magana. Na ji ta a bakin ma'aikacin asibiti, na ji ta a bakin direba, na ji ta a bakin jikata da wayarta. Abin da ban taɓa ji ba shi ne wanda ya faɗi dalili. Na nemi kujera na zauna.

Wani ɗan moto, mai haya da babur, ya shigo zai yi fotokwafin katinsa. Da ya ji labari, ko hularsa bai cire ba ya miƙa hannu ya kashe, ya kunna. Ya ce Mahfuzu bai daɗe da jira ba ne, shi ya sa. Bayansa wani dattijo mai jakar fata ya ce su duka biyun sun yi kuskure, ba a bango ake kashewa ba, zare waya ake yi gaba ɗaya. Ya zare, ya hura bakin wayar, ya mayar. Sai ga Léontine ta leƙo da mataji a soke a gashinta.

"Maman, ina kwana? Har yanzu wannan giwar ba ta tashi ba?" Ta kashe, ta kunna, ta ƙara mata da mari a gefe. "Haka nake yi wa injina."

Kaltumi ta dubi agogon bango, ba ta ga komai ba, ta ciro wayarta. Gumi ya fara keto mata ta ƙarƙashin ɗankwali.

"Goggo, in ban tafi ba, da wane ido zan kalli matan ƙungiya? Har guɗa aka yi mini jiya."

Ni kuwa ina ta kallon ɗan gilashin nan. Duk lokacin da aka kunna, sai wani abu baƙi-baƙi ya bayyana a bayan ledar, layi biyu, da wani tsiri a ƙasa.

"Mahfuzu, akwai rubutu a nan."

"Ai kullum akwai rubutu, Hajiya. Gaisuwa take yi."

"Tun safe take gaishe ka ba ka amsa ba? Kawo in ga me take cewa."

Na kai hannu gefen ledar. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai tumbi ya yi irin wannan zafin nama ba. Kafin in ƙifta ido ya shiga tsakanina da injin, ya baje hannuwa.

"Hajiya, ki roƙe ni wani abu. Ki roƙe ni babur. Wannan ledar daga Turai ta zo da ita."

"To, ka karanta mini."

Ya sunkuya, ya goge ledar da hannun riga, ya rufe ido ɗaya. "Kamar dai... akwai harafin M."

"Kawu Mahfuzu, don girman Allah," in ji Kaltumi.

"'Yata, in na cire yau, gobe wani mai maiƙo a hannu ya zo ya dangwala yatsa. Shi ke nan ta zama tsohuwa."

Na ga magana ba za ta kai mu tasha ba. Sai na kama maƙogwarona na yi tari irin na tsofaffi, na ce ya taimaka mini da ruwan sanyi. Mahfuzu, duk da ledarsa, yaro ne mai tarbiyya. Ya juya ya nufi firiji. Na zare matajin da ke kan Léontine, na soka wutsiyarsa a kusurwar ledar, na ja.

Ƙiiiii!

Ya tsaya cak da gorar ruwa a hannu. Bai ma juyo ba. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali, da muryar wanda aka yi wa waya daga asibiti. Léontine ta zube a kan buhun takarda tana dariya har da buga ƙafa.

Gilashin kuwa tas, yana sheƙi kamar yau aka ƙera shi. Wannan kam dole in ba Mahfuzu gaskiyarsa. Na gyara tabarau na karanta da ƙarfi:

"Mise à jour en cours. Ne pas éteindre." Na dube su ɗaya bayan ɗaya. "Cewa take tana sabunta kanta. Kada a kashe."

Ɗan moto ya sa hannuwansa a aljihu. Dattijo mai jakar fata ya tuna yana da wani uzuri, ya sulale. A ƙarƙashin rubutun akwai wani dogon tsiri fari, da ɗan kore a farkonsa, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Mahfuzu ya kira Saleh, mai gyaran injinan ofis, ya sa wayar a fili kowa na ji. Saleh yana garin Ngong a kan wani aiki. Ya saurara, ya ce:

"Alhaji, kamfanin da ya ƙera ta ne ya aiko mata da sabuwar manhaja ta intanet, wadda ke tafiyar da kanta. Ka ɗauka mace ce ta fitar da kayan ɗakinta tsakar gida tana shafe. Kafin ta mayar da su, kai ka zo ka kore ta. Duk kashewar da kuka yi, daga farko take sake somawa. Kuma ka gode wa Allah, wasu in aka yi musu haka ba sa sake tashi. Sau nawa kuka kashe?"

"Ba mu ƙirga ba."

"Kada ku ƙirga, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Kada kowa ya sake taɓa ta. Kada wuta ta yanke."

Kaltumi ta fizge wayar. "Malam Saleh, zuwa yaushe za ta gama?"

"Kamar dahuwar wake."

"Jiƙaƙƙe ko busasshe?"

"Ya danganta da intanet ɗin Alhaji."

"Busasshe ke nan," in ji Léontine.

Kaltumi ta ja kujera ta dasa a gaban makunnin bango, ta zauna ta baje zane, ta rufe shi ruf. Ta ce duk mai son kashewa sai dai ya ɗaga ta. Kuma an zo. Ban san yawan masu ilimin inji a Poumpoumré ba sai ran nan. Duk wanda ya sako kai ya ga mun yi cirko-cirko, sai ya gyara murya ya ce, "Kun gwada kashe..." Ba ya ƙarasawa muke haɗa baki: "A'a!" Wata yarinya da ta zo buga hoton fasfo ta tsorata ta koma da baya.

Koren ya kai kamar ƙwayar gyaɗa. Ya kai ɗan yatsa. Muna cikin murna sai Léontine ta dafe ƙirji.

"Mon Dieu! Mita!"

Ashe shagunan uku mita ɗaya suke sha. In injin busar da gashin Léontine da dutsen gugar tela da firijin Mahfuzu suka haɗu, babban makunni faɗuwa yake yi, wuta ta ɗauke a duka ukun. Kusan kullum sai an yi haka kafin azahar, lokacin da tela ke goge ɗinkin da za a karɓa. Sun saba, dariya ma suke yi, wani ya je ya ɗaga. Ita kuma ta bar wata mata a ƙarƙashin injin busar da gashi tun ɗazu.

Ta fita a guje ba takalmi. Ɗan moto ya ruga wajen tela. Mahfuzu ya zare wayar firiji, ya kashe fanka, ya kashe talabijin. Muna jin muryar tela ta bango yana rantsuwa cewa rigar ango ce a hannunsa, ɗan moto yana ce masa ango ya sa ta a yamutse, ai ba shi za a kalla ba.

Can sai ga Léontine ta dawo, bayanta wata doguwar mata da tawul a wuya, kanta cike da robobin naɗe gashi, ruwa na ɗiga. Madame Henriette ce, ma'aikaciyar asibiti da ta yi ritaya, mun san juna a wajen karɓar fansho.

"Wa ya ce a kashe mini inji? Ina da taron coci da yamma! Hajiya, har da ke a ciki?"

Na nuna mata Kaltumi, na nuna mata koren, na yi mata bayani a taƙaice. Ta sunkuya ta leƙa gilashin.

"Wannan ɗan abin muke jira?"

"Shi."

"Ai ya motsa! Kun gani? Ya motsa yanzu!" Ta ja kujera ta zauna. Ba ta sake zancen gashi ba.

Tela ma ya shigo da rigar angon a kafaɗa, wai ya zo ganin abin da ya fi aikinsa muhimmanci. Zafi ya taru a ɗakin nan ba fanka, muka jiƙe sharkaf. Léontine ta rarraba mana kwalin takarda muna fifita. Madame Henriette ta ce ta taɓa zaman jiran haihuwa irin wannan, sai dai can ana iya cewa mai naƙuda ta yi nishi. Ɗan moto ya fara yi wa koren kirari kamar dokin sukuwa. Har Kaltumi sai da ta yi dariya, hawaye na gefen idonta.

Koren ya wuce rabi, sai ƙwan fitilar rufi ya yi ja, ya dushe. Muka yi ihu gaba ɗaya. Ya yi kamar zai tafi, ya yi tunani, ya dawo. Firintar ba ta ko yi tari ba.

Nan Mahfuzu ya tuna yana da abin da ake kira onduleur, akwatin batir da ke riƙe inji in wuta ta ɗauke. Tare da firintar ya saye shi. Ya jawo shi daga ƙarƙashin tebur, a cikin kwalinsa, a naɗe da leda, ba a taɓa buɗewa ba. Ya tsaya a kansa da reza a hannu, fuskarsa kamar wanda aka ce ya yanka ragon da ya yi kiwo.

"Tsaya," na ce. "Yaya ake haɗa shi?"

"A zare wayar firinta daga bango, a soka a jikinsa."

"A zare?"

Sai fuskarsa ta washe. "Ba zai yiwu ba ke nan, Hajiya!" Ya tura kwalin ƙarƙashin tebur da sauri, har da shafa shi.

Saura ɗan ƙiris koren ya cika aka kira azahar. Kaltumi ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Masallacin unguwa ba ya jinkiri, na tasha ma haka, direba kuma da ya sallame zai tayar da mota. Mahfuzu ya fita ƙofa ya yi alwala, ya dawo ya ɗauki hularsa, ya nufi waje.

To, akwai wata doka da ya gada daga mahaifinsa. Tun wata gobara da aka yi a kasuwa kafin a haife shi, ba a fita masallaci a gidansu sai an sauke babban makunnin wuta. Na shagonsa yana nan a bakin ƙofa, daidai kafaɗa. Mahfuzu ba ya ma sanin yana yi, hannun ne ke tafiya da kansa. Ina kallo hannun ya tashi. Kafin in buɗe baki...

Fau!

Madame Henriette ce ta kai masa duka da kwalin fifitarta a bayan hannu. Robar gashi ɗaya ta fita ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Alhaji! Ka taɓa wannan abin, ni da kai ne!"

Ya dubi hannunsa kamar na wani. "Wallahi ban aike shi ba."

Kafin mu gama dariya, gilashin ya mutu. Baƙi ƙirin. Gurnanin ya tsaya, 'yar fitilar ta ɗauke.

"Ba ni ba ne!" in ji ɗan moto, ya ɗaga hannuwa sama. Tela ya ɗaga nasa. Léontine ta leƙa bayan Kaltumi, waya tana nan a soke. Ƙwan rufi yana ci. Kaltumi ta ɗora hannu biyu a ka.

Sai muka ji ɗan ƙara, ƙit. Wani abu ya juya a cikin cikinta. Gilashin ya kawo haske, fitilar ta dawo koriya shar, aka rubuta kalma ɗaya: Prêt. Ta shirya.

Ashe da ta gama, ita ta kashe kanta ta kunna.

"Kin gani, Hajiya?" Mahfuzu ya yi tsalle, tumbi da komai. "Kin gani? A kashe, a kunna! Me na ce tun safe?"

"Na gani. Sai dai ita ta san lokacin. Danna mana, kada ka rasa jam'i."

Ya danna. Takardun suka fara fitowa da ɗuminsu, ja da ruwan ɗorawa, sunan Kaltumi a sama da manyan baƙaƙe. Léontine ta rangaɗa guɗa irin wadda ta koya a bikin maƙwabta, ta karkace a tsakiya, Kaltumi ta karɓa ta gyara mata. Na ɗauki ɗaya na duba Faransancina, ba abin da ya ɓace. Babu lokacin yankawa. Tela ya zaro almakashinsa daga aljihu ya danƙa wa Kaltumi, ya ce ta yanka a mota, ta dawo masa da shi tare da tsarabar Yaoundé. Ɗan moto, wanda har yanzu ba a yi masa fotokwafinsa ba, ya riga ya tayar da babur a ƙofa. Ta haye, takardu a ƙirji, ɗankwali ya zame, ta tafi tana ɗaga mana almakashi.

Da la'asar ta kira ni, sun wuce Ngong. Ta ce ta iske direba ya sa ƙafa ɗaya a mota. Ta roƙi yaran mota suka sauko mata da kwali ɗaya daga sama, yanzu haka layinsu gaba ɗaya aiki ake yi: wani soja yana yanka, wata mai goyo tana mannawa, wani malamin makaranta yana duba wadda ta karkace. Mutum biyu sun riga sun buɗe kwalba suna ci da soyayyen rogo.

Washegari na bi ta shagon in mayar wa Léontine matajinta, don a jakata na same shi. Mahfuzu yana zaune, firintar tana aiki. Ledar nan mai launin kunun gyaɗa ta koma kan gilashin. Na tsaya na dube shi.

"Ba yadda kike zato ba ne, Hajiya. Zo ki gani."

Daga sama kawai ya manne ta da salatif, ƙasan a sake, kamar labule. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga ta a hankali, ya leƙa, ya karanta, ya sauke, ya shafe gefen da ya tanƙware.

"Me ta ce?"

"Takarda ta kusa ƙarewa a aljihun ƙasa." Ya girgiza kai. "Ashe surutu gare ta."